Ƙofar da Maliki Ke Ɗagawa

Duk wanda ya san layinmu a Sabon Birni ya san garejin Alhaji Ɗanmusa, don ƙofarsa ba irin tamu ba ce mai marfi biyu. Ta ƙarfe ce mai naɗewa, ana kama ta daga ƙasa a tura sama, ta nannaɗe kamar tabarma a jikin wani bututu da ke can bisa. Daga Maraɗi ya ɗauko ta, shekarar da fataucinsa ya buɗe. Tana sabuwa, wallahi da hannu ɗaya direbansa ke ɗaga ta, ɗaya hannun riƙe da rake. Kuma ba ƙarfin direban ba ne. Akwai sifirin guda biyu a jikin bututun, ƙarfe murɗaɗɗe mai kaurin yatsa, su ke ɗauke nauyin.

To, shekara tara ana sama ana ƙasa, safe da yamma, ba mai sa mata giris. Sifirin suka gaji. Ƙofa ta fara kuka kamar ana yanka akuya, ta karkace gefe guda, in an ɗaga ta rabi an saki sai ta zubo da kanta. Har gwafa aka sare mata, ana tokare ta kafin mota ta wuce.

Ana cikin haka Maliki ya zo. Yayan Alhaji ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme shi da shekara goma sha ɗaya. Manomi ne a Gangara, mai raƙumin huɗa da dako, mutum mai tsawo marar yawan magana. Zaman ƙauye ya gagara, gona ta fi ƙarfin zuwa, raƙumi ya salwanta, matarsa kuma ta riga ta rasu. Ya iso da buhun tufafinsa kawai. Alhaji ya ba shi ɗakin da ke jikin gareji da kwanon tuwo, ya ce, “Gidan ga ba a cin banza. Ƙofar nan taka ce, safe da marece.”

Kullum hantsi sai ka ji hon. Alhaji na cikin mota a gareji, Maliki na waje ya durƙusa, ya cusa yatsu ƙarƙashin ƙofa, ya yi nishi, jijiyoyin wuyansa su tashi, ya kai ta gwiwa, ya kai ta ƙirji, ya sa kafaɗa, sannan ya jawo gwafa da ƙafa. Masu shan shayi a bencin tsallaken hanya suna kallo.

Wata rana Shamsu mai walda, wanda shagonsa ke bakin layin, ya ajiye kofinsa ya tsallako.

“Alhaji, Allah shi ƙara arziki. Sifirin ƙofar ga sun mutu fa. Dubi tsatsa, dubi inda zoben na dama ya buɗe. A canza su duka biyun tun ba su tsinke bisa kan wani ba.”

Alhaji ya sauke gilashi, ya nuna Maliki da leɓe.

“Wane sifirin? Ga sifirina nan, mai cin tuwo kwano biyu. Ranar da ya mutu za ni kiranka.”

Aka yi dariya a benci. Wasu abin ya ba su dariya, wasu kuwa a gindin Alhaji suke ci. Maliki ma ya yi murmushi, kafaɗarsa ƙarƙashin ƙarfe, don ba shi da wata fuskar da zai nuna.

Damina ta wuce, gadon bayan Maliki ya fara amsawa. Sallah ma sai ya dafa bango yake miƙewa daga sujada. Wata safiya ya kai ƙofa gwiwa ta kuɓuce, ya sake ta kuɓuce, sai a na uku ta hau. Alhaji bai yi hon ba ranar. Ya fito da mota a hankali, ya tsaya daidai shi, ya yi magana da taushi yadda kowa zai ji.

“Yaya, in ƙarfi ya ƙare a faɗa mini, ba abin kunya ba ne. Akwai wani ɗan Kurawa da ke son ɗakin ga, buhu biyu yake ɗauka. Kai kuma ga Radiyya can Turba. Ai ɗiya ba ta ƙin ubanta.”

Radiyya ita ce ɗiyar Maliki tilo, tana aure a ɗaki guda cikin gidan iyayen mijinta. Ku kun san mu. Dattijo ya kwashi buhunsa ya tare a gidan surukai, ya ci tuwonsu, ya kwana a zaurensu, gara a ce ya ɓata a daji. Maliki ya ce, “Ƙarfi na nan, Alhaji. Santsi hannuna ya yi.”

Daga ranar ya shiga tunani. Canza sifirin dai ba zai yiwu ba, ba shi da iko, kuma in ƙofa ta koma sabuwa mi za a yi da shi? So yake a ɗan ƙara musu ɗauri kaɗan, ƙofa ta rage nauyi, ba wanda ya sani, a ce Maliki har yanzu ƙato ne. Ya taɓa gani a kasuwa, daga nesa, masu gyara sun sa rodi a ramin bututun wani shago sun murɗa sun ɗaure noti. Tambayar Shamsu kuwa ba ta taso ba, don Shamsu da direban Alhaji benci ɗaya suke zama, kafin azahar magana ta kai.

Ranar da Alhaji ya tafi garin Isa da kaya, Maliki ya sauke ƙofa har ƙasa, ya shiga ta ƙaramar ƙofar da ta haɗa gareji da ɗakinsa, ya danna sakata. Ya mirgino durom ya hau, da sifana da guntun rodi.

A nan ne fa, jama'a, abin ya zo. Shekara arba'in mutumin nan yana aiki da raƙumi, bai taɓa kwance igiyar kaya dabba na tsaye ba. Sai ta gurfana, kaya sun zauna a ƙasa, igiya ta yi sako-sako, sannan ya sa hannu. Da ya dubi ƙofa ta sauka ta zauna daram a kan siminti, sai zuciyarsa ta ce masa ai ta gurfana, ƙasa ta karɓi nauyi, sifirin na hutawa. Bai san ƙarfen nan akasin haka yake ba. Ƙofa tana sama ne yake sakewa. Tana ƙasa kuwa a murɗe yake iyakar murɗewa, duk ƙarfin da zai ɗaga ta yana ƙunshe a cikinsa, notin nan kaɗai ke riƙe da shi.

Ya sa rodi a rami, ya riƙe da dama. Ya yi bisimilla, ya sassauta noti na farko da hagu. Shiru. Ya sassauta na biyu.

Ƙarar da muka ji, na ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Rodi ya juya da hannunsa, ya matse shi da bango, ya dawo ya same shi a baki, ya jefo shi daga kan durom. Hajiya Tani matar Alhaji ta fito tsakar gida tana salati, tana dukan ƙaramar ƙofa, ga sakata ta ciki. Babbar kuwa ta zama gawa, ba sauran abin da ke taimakonta. Maza biyar suka taru a kanta, da ƙyar suka kai ta ƙugu, Shamsu ya kutsa ta ƙasa.

Ya same shi zaune cikin jini, ya rungume hannun a ƙirji. Ya dubi noti, ya dubi rodi da ya lanƙwashe.

“Innalillahi! Baba, ƙofa na ƙasa ka kwance? Ko ni da nike aikin ga sai mun ɗaga ta mun ɗaure da sarƙa, mu biyu, sannan mu taɓa. Mi ya hana ka tambaye ni?”

Maliki ya tofar da haƙori, ya ce a hankali, “Na ga ta gurfana.” Sannan ya ce, “Kar a faɗa wa Alhaji.”

Aka kai shi asibiti. Yatsu uku suka tafi, wuyan hannu ya karye wuri biyu.

Bayan la'asar Alhaji ya dawo, ya tsaya bakin gareji ya yi hon. Aka gaya masa. Ya fito, ya zagaya ƙofa, ya shafa inda ta loɓe.

“Wa ya ba shi izni shi taɓa mini ƙofa? Yanzu motata a titi za ta kwana?”

Kwana biyu sabbin sifirin suka iso daga Sakkwato. Shamsu da abokin aikinsa suka ɗora su, suka shafe da giris. Alhaji ya gwada a gaban 'yan benci, ta tafi sama sumul, ya sauke, ya sake ɗagawa, yana dariya. Asibiti kuwa direba ya aika, da lemu a leda.

Ranar da aka sallami Maliki ya tarar da ɗakinsa cike da katan-katan na taliya har rufi, buhunsa a ƙofa. Hajiya Tani ta aiko masa da fura da ƙullin gero a ɓoye, ta kasa fitowa. Alhaji ya ce, “Ka ga, Yaya, jinya sai mace. Mota na jiranka.”

Wadda ta ba ni ƙarshen labarin 'yar Turba ce, maƙwabciyar Radiyya. Ta ce tun azahar aka sauke shi, amma bai yi sallama ba. Ya zauna gindin itacen bedi nesa da gidan, hannu rataye a wuya, har rana ta yi sanyi, sai da wata mata mai ɗiban ruwa ta gane shi ta shiga ta faɗa. Mijin Radiyya ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa yadda ake yi wa suruki. Ya gaishe shi da hanya, ya yi masa jaje, ya dubi buhun, ya dubi hannun.

“Sannu, Baba. Kwana nawa za a yi muna?”

Maliki ya gyara ratayar hannunsa. Ya ce, “Za ni ga yadda hannun ya yi.”