Idon Ruwan da Genzo Ya Ɓoye

Tun daga bakin ƙofar zauren baje hotuna na gane shi. An faɗaɗa hoton ya kai girman taga, an maƙala masa jan ƙyallen wanda ya zo na ɗaya. Ƙadangaren ruwa ne, baƙi wuluk, kwance a kan gansakuka rana na haska bayansa, wutsiyarsa guntuwa, da ɗigo uku a bayan wuya. A ƙasa an rubuta sunan mai hoton, Shinohara Masatsugu, shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton dabbobin dawa.

Shekara goma sha ɗaya mijina Genzo yana ɗaukar hoton wannan ƙadangaren duk ƙarshen sanyi, har ya raɗa masa suna Guntu. A wani ɗan idon ruwa yake cikin duwatsun da ke bayan ƙauyenmu, wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, kuma nan kaɗai irinsu suka rage suna zuba ƙwai a duk yankin. Mu masu wannan harka muna da ƙa'ida uku. In ka ɗaga dutse, ka mayar da shi yadda ka same shi. Ba a taɓa dabbar da hannu, don ɗumin tafin mutum yana cutar da ita. Ta ukun ita ce babba: ba a faɗar wuri, ko da mutum ya bugu da giya. Akwai masu sace su su sayar wa masu kiwo a kwalba, kuma da zarar sun ji sunan kwazazzabo, cikin mako guda za su kwashe har ƙwai.

Shekara talatin daga ni sai Genzo muka san wurin. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya kasa hawa da jakar kyamara, sai ya ɗauki Shinohara ya kai shi, wai yaro ne mai amana. Yaro mai shekara hamsin da biyar! Genzo ya rasu da kaka. Da ƙanƙara ta narke na hau ni kaɗai, na ɗaga dutsen Guntu ban same shi ba. Na ɗauka tsufa ne ya tafi da shi, har na zauna na yi kuka.

Yanzu ga shi a bango yana shan rana. Kowa a zauren nan ya san ƙadangaren ruwa ba ya kwanciya a rana ya tsaya maka kamar ango. Sai dai in an sa shi cikin ƙanƙara jikinsa ya sandare, a ɗora shi inda ake so, kuma da yawansu daga nan ba sa tashi.

Na tarar da Shinohara a tsakiyar mutane, ana ta rusuna masa yana rusunawa.

“Shinohara-san,” na ce, ina kiransa da girmamawa, “a ina ka samo wannan?”

“A'a, uwargida! Ashe kin samu fitowa. Ya kewar maigida?” Ya yi murmushi. “Haba, ke da kika fi kowa sanin ba a faɗar wuri.”

“Guntu ne. Daga idon ruwan mijina ka ɗauke shi. Ina da hotunansa goma sha ɗaya a gida.”

Shinohara ko gezau bai yi ba, sai ma ya ƙara sassauta murya kamar mai lallashin mara lafiya.

“Masu guntuwar wutsiya ai suna da yawa a dawa, uwargida. Amma abin mai sauƙi ne. Faɗa mana inda idon ruwan yake, gobe mu ɗunguma gaba ɗaya mu duba. Ina ne?”

Mutum arba'in suka zuba mini ido, cikinsu har da baƙin da ban san daga ina suke ba. Ya san ba zan faɗa ba, da wannan ya ɗaure ni. Ina fita na ji wata tana cewa takaba ce ta taɓa ni.

Ban tafi gida ba, shagon ƙawata Mineko mai awara na wuce. Ta saurare ni tana yanka awara, ba ta ɗago ba sai da na gama.

“To, Tazuko, sai me? Za ki kai shi ƙara ne, ki kira ƙadangare shaida?”

“So nake in ga fuskarsa a ƙasa, yadda ya sa tawa.”

“Ke da gwiwarki ke ƙara in kin tsuguna? Ki sha shayi dai ki bar wa duniya shi.”

“Zai koma,” na ce. “Wanda ya ci kyauta sau ɗaya zai so ta biyu.”

Ta ajiye wuƙar ta dube ni. “Tafɗi. Ashe Genzo da damisa ya kwana shekara arba'in bai sani ba.”

Wata goma na yi ina jira, kuma ban ɓoye wa kaina cewa ƙiyayya ce ke riƙe da ni ba. Na fito da kyamarar Genzo na koyi amfani da dogon gilashinta a kan kyanwar maƙwabta. Na ci gaba da zuwa taron ƙungiya, ina zuba wa Shinohara shayi da hannu biyu, har na ba shi haƙuri a kan abin da ya faru. Ya ce ba komai, ya yafe. Rana dubu ta ɓarawo, na ce a raina.

A watan uku, da ruwan narkewar ƙanƙara ya fara sauka, na shiga hawa tun da sassafe. Na samu wani gurbi a cikin ciyayi sama da idon ruwan, in shimfiɗa buhu in kwanta rub da ciki. Sanyi ya shiga ƙasusuwana, matsattsaku suka sha jinin ƙafata. A ƙasa ina ganin ƙwai sun fara bayyana, jaka biyu-biyu maƙale a jikin reshen da ya nutse. Safiya ta shida sai ga shi, da takalmin roba da ƙaramin akwatin ƙanƙara a kafaɗa.

Ya riƙa birkice duwatsu da ƙafa, ko ɗaya bai mayar ba. Ya damƙo wata macen ƙadangaren mai cikin ƙwai da tafin hannunsa. Na so in yi ihu in jefe shi da dutse, amma na cije leɓe na danna kyamara. Genzo ya koya mini yadda ake matse hoto har ba a ganin tsauni ko bishiya, don kada wani ya gane wuri. Haka na ɗauki Shinohara: fuska, hannu, dabba, ƙanƙara, ba komai a bayansa sai duhun ganye. Ina kallo ya rufe akwatin ya tafi da ita, ban hana shi ba, domin hoton nake so.

Al'adar bajen hotunanmu ita ce a rataye hotunan gasa a lulluɓe da farin ƙyalle ba suna, shugaba ya bi yana yayewa ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Na kai nawa a rufe, hotuna huɗu a allo guda. A bana zauren ya fi cika, har da ɗan jaridar gunduma. Mineko ta rufe shago ta zo, wai ba za a ba ta labari ba.

Nawa ne na tara. Ya kama gefen ƙyallen yana raha, ya ja.

Na ga jini ya bar fuskarsa. Ya tsaya da ƙyallen a hannu, yana kallon kansa yana cusa dabba cikin ƙanƙara. Wani dattijo ya ce, “Kai!” Ɗan jarida ya ɗaga kyamara. Mineko ta matse hannuna ta raɗa mini, “Kin kashe shi, 'yar banza.” Daɗin da na ji a lokacin, ban taɓa jin irinsa ba tun rasuwar Genzo.

Shinohara ya ninke ƙyallen a hankali ya ajiye. Ya juyo ya nemi idona a cikin taro har ya samu. Sannan ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, irin neman gafarar da ba a katse mai yin ta, wadda sai mai laifi ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, da rana da wuri.

“Na ci amanar marigayi, na kunyata ƙungiya,” ya ce da murya mai ƙarfi. “Ranar sha huɗu ga watan uku, a idon ruwan da ke kwazazzabon Ubagatani, taku ɗari biyu sama da tsohuwar gadar katako, ta hannun hagu bayan babban itacen da ya faɗi, na kama dabbar da ba ni da ikon taɓawa. Ina neman gafararku.”

Ya kai goshinsa ƙasa ya bar shi a can. Ba wanda ya yi motsi, sai wasu mutum uku a layin baya da na ga sun sunkuyar da kai suna rubutu a waya.

An cire shi daga shugabanci, ya bar zuwa ko kasuwa. Ni kuma na hau Ubagatani bayan kwana tara. Hanyar da a da sai na raba ciyawa da hannu ta zama turba, sawun takalma iri-iri. An birkice kowane dutse, an tace ruwan da koma, 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe ba ko ɗaya. Na yini ina mayar da duwatsun, duk da na san babu mai shiga ƙarƙashinsu.

Mineko ta tambaye ni ko na yi nadama. Na ce mata eh, kuma gaskiya na faɗa. Abin da ban gaya mata ba shi ne, har yau in na tuna fuskarsa lokacin da ya ja ƙyallen nan, sai in ji daɗin ya dawo mini sabo.