Matatar Baki Ɗaya

Ranar da aka sallami mijina Ezekiel daga asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce, "Maman Praise, taifod ya riga ya ci hanjinsa. In ya sake kama shi, sai dai a yanka ciki, kuma ban yi miki alkawarin komai ba. Kada ya ƙara shan ruwan rafi."

To, ina za a samu wani ruwan? Gonarmu tana can bayan duwatsun Manga, tafiya ce mai karya ƙafa. Goran da nake cika masa da tafasasshen ruwa ba ya kai tsakar rana, don duk wanda ya wuce sai Ezekiel ya miƙa masa. Rafin kuwa, shanu na sha a sama, mutane na sha a ƙasa.

Ranar kasuwa na shiga Zuru, na nufi rumfar Arzika, wani Bakabe mai sayar da tocila da kayan tafiya. Ya ciro min matatar ruwa iri biyu. Ɗaya jaka ce ta roba, a cika ta a rataye a reshe, ruwa ya riƙa saukowa ta tiyo cikin ƙwarya. Ɗayar kuwa 'yar sanda ce kamar guntun rake, a tsoma gindinta a ruwa a zuƙa da baki.

"Wagga ta jaka, mutum goma na sha," in ji Arzika. "Wagga kau baki guda ta sani. Wace kika so, Inna?"

Na tsaya ina juya su. Ni fa na san mutumina sarai! In na kai masa jaka, yau tana gonar abokinsa Kefas, gobe tana gonar surukin Kefas, jibi a ce an ara wa 'yan coci. Shi kuma ya koma rafi yana dariya. Na ce wa Arzika, "Ba ni mai baki ɗayan. Ba garin Manga na zo yi wa magani ba, mijina ɗaya ne."

A gida na ɗaura mata igiya, na rataya masa a wuya da hannuna. Na ce, "Baban Praise, ka ga wannan? Ba ta aro ba ce. Ko fasto ne ya roƙa, ka ce matarka ta hana."

Ya yi dariya ya ce, "Kai, Saloma! Sai ka ce akuya za a kai kasuwa."

Lokacin noman gayya ne. Maza kan haɗu su nome gonar wannan yau, ta wancan gobe. In rana ta take, a zauna a inuwa, ƙaramin cikinsu ya ɗebo ruwa a ƙwarya ɗaya, ta zaga daga hannu zuwa hannu. Haka muka taso muka tarar. Kullum Ezekiel ya fita da matatar a wuya, ya dawo da ita a wuya. In na tambaya, sai ya ce, "Ina sha mana." Hankalina ya kwanta, har ina yi wa matan unguwa fariya.

Dawa ba ta kai ga fitar da kai ba zazzaɓi ya dawo. Da safe na taɓa jikinsa kamar murhu, ya dafe ciki yana nishi. Yesu! Na aika Praise, 'yarmu, ta kira mai kabu-kabu. Muka sa Ezekiel a tsakiya, ni a baya na rungume shi kada ya faɗi.

Muna cikin gargadar hanya, matatar tana lilo a wuyansa tana bugun hannuna. Na kama ta don ta daina, murfin ya fita. Ledar da ke liƙe a bakinta tun daga rumfar Arzika tana nan yadda take, ko ɓula ba a yi mata ba.

Wallahi ban taɓa jin haushi da tsoro sun haɗu a ƙirjina haka ba. Na sa baki a kunnensa na ce, "Ezekiel! Ashe ko sau ɗaya ba ka sha da ita ba? Ƙarya kake min duk kwanakin nan?"

Da ƙyar ya juyo da kai, leɓunansa sun bushe. "Saloma, ƙwarya ta zo hannuna, Kefas ne ya miƙo min. In ce masa me? In ce ruwansu bai kai bakina ba, in juya baya in zuƙi nawa ni kaɗai, su suna shan laka?"

"Sai ka mutu don kada Kefas ya ji kunya?"

Kansa ya faɗo a kafaɗar mai babur. Na ce wa yaron ya ƙara wuta, don Allah ya ƙara wuta.

Hanyar asibiti ta bakin kasuwa ta bi. Arzika yana buɗe rumfa, ya rataye jakar nan a ƙusa, tiyonta na reto. Na bi ta da ido har muka sha kwana, hannuna ɗaya a kan cikin Ezekiel da ya yi tauri kamar dutse, ɗayan riƙe da busasshiyar matata.