Ungulu Ta Ƙoshi

Mijina Sharafaddeen malamin lissafi ne a Kusada, amma in ya zauna gaban kwamfuta ya kama sandar tuƙi sai ka rantse shi ke tsaron sararin samaniya. Wasan jiragen yaƙi yake yi, kuma sau biyu abokinsa Salman na Kankia yana kakkaɓo shi. Kakkaɓowa ma na ce don kara. Jirgin ko tashi bai yi ba, a ƙarshen fili yake kifewa.

"Waɗanda suka haɗa wasan nan ba su san jirgi ba," in ji shi. "Jirgin gaske ba haka yake ba." Mutumin da ko filin jirgi bai taɓa shiga ba! Cikin fushi ya ce in ya sake faɗuwa a karawarsu ta ran Asabar ya bar wasan har abada. Ni kuwa har zuciyata na ce amin.

Asabar da hantsi yana gwaji a tsakar gida sai ga Inna Hawwa'u mai kawo mana nono daga Kaikai. Ta sauke ƙwarya ta tsaya kallo. Jirgi ya yi gudu, ya yi nishi, ya kife.

"Baban Karima, mi ka ɗora ma abin ga?"

"Mai ne cike da tanki, Inna, da bama-bamai takwas."

Ta yi dariya. "Ai ungulu ce ta ƙoshi. In ta cika ciki da mushe sai ta yi ta tsalle-tsalle, tashi ya gagara. Rage mata, kuma ka juya ta ta fuskanci iska."

Na harare ta, ba ta ma gani ba.

Ya sauke bama-bamai shida, ya rage mai, ya sauya hanyar tashi. Jirgi ya ɗaga sumul. Da la'asar, bayan sun kara, Salman ya bugo waya yana tambayar wa ya koya masa.

Na so in ji haushi. Sai na ga ya cire tabarau yana share ido, tabaran nan da suka sa aka mayar da shi gida ranar tantance sojojin sama, shekara goma sha biyu ke nan. Tausayinsa ya kama ni, na ji kunyar amin ɗin da na ce.

"Lailatu, kin ga na tashi?"

"Na gani," na ce. Na jawo kujera kusa da shi. "Sake tashi in gani da kyau."