Amanar Malam Absalom a Cikin Firizata

Sunana Fanna, mutuniyar Bama ce ni, yanzu ina zaune a Damilu cikin Jimeta, kuma ƙara nake kawowa. Na kai wa Jauron unguwarmu, Jauro ya koma cikin waɗanda nake ƙara, shi ya sa na fito da maganar fili. Ban yi boko ba, amma na san abin da ake yi da firiza. A zuba ruwa, ya fito ƙanƙara. Tawa shekara uku ta yi a gidana ba ta ga ɗigon ruwa ba. Takardu aka cika ta da su.

Da aka ci Bama mun gudu Mubi ni da mijina Babakura, muka kama ɗaki a gidan wani malamin firamare mutumin Michika, Malam Absalom. Ba mu gama share ɗakin ba aka ci Mubi. Ranar gudu mu muka sami wuri a bayan tifa, shi Absalom da iyalinsa za su bi daji a ƙafa. Sai ga shi da buhu a ka, yana haki, ya miƙo wa Babakura.

"Malam Babakura, amana. Kada ruwa ya taɓa."

Wurin da ke tifar na kaya ɗaya ne. Babakura ya dubi buhun, ya dubi ƙullin tukwanena na aure waɗanda na fito da su daga Bama a kaina, ya sauke tukwanen a bakin titi. Na ɗauka takardun gida ne ko na fansho. Sai da muka iso Yola aka kwance bakin buhu. Littattafan zane ne, sirara, sun yi ja don tsufa. Kwamik ake ce musu. A kowanne akwai wani ƙato sanye da koren kaya masu manne wa jiki, babu ko ɗan zane da zai rufe mutuncinsa, a kansa hula kamar ƙwaryar awo, wuta tana fita daga gwiwoyinsa yana tashi sama. Sunansa na Turanci bai zauna a bakina ba. Ni Mai Ƙwarya nake ce masa. Wai wani Bature likita ne ya bar wa uban Absalom su tun kafin yaƙin basasa.

Babakura masinjan kotu ne a da, yana karanta Turanci da yatsa. Ya ce zai duba ne kawai ya ga ko wani ya yage a hanya. Dubawar nan har yau ba a gama ta ba. Daga nan ya gano littattafan suna da lamba kamar motocin tasha, kuma akwai lambobin da babu.

"Amana mai giɓi ba a mayar da ita haka," in ji shi.

"Da giɓin aka ba ka."

"Ke ba ki san shari'a ba."

Ya shiga nema. Ya sayi waya mai shafawa, ya haɗu da wasu marasa aikin yi irinsa a Legas da Jos, ana aiko masa da ɗai-ɗai ta direbobin tasha. Kekensa ya tafi a kan lamba goma sha bakwai. Ya ce irinta a duniya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na ce to mutanen duniya sun fi ka hankali, sun zubar da nasu. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin amanar da take haihuwa ba sai wannan.

Ana nan 'yata Zulaiha da ke aure a Gombe ta aiko mini da firiza, fara, doguwa, mai murfi a sama, don in riƙa sayar da zoɓo da kunun aya. Wanda ya san zafin Jimeta ya san mai sanyi ba ya kwana da yunwa. Aka ce in bar ta ta huta kafin in jona. A cikin hutun nan gara ta ci ƙafar Mai Ƙwarya ɗaya a lamba huɗu. Babakura bai yi kuka a Bama ba, bai yi a Mubi ba, ranar ya yi. Na dawo daga kasuwa da zoɓona da citta na tarar ya shirya littattafan a firiza, kowanne a ledarsa, ya naɗe wayar wutar ya ɗaure da tsumma, ya sa kwaɗo.

"Dubi robar bakin nan," ya ce, yana shafa ta. "Ko iska ba ta shiga. Wanda ya ƙera wannan ya san darajar takarda."

Idan zai taɓa su, safa yake sa wa a hannu. Safar ƙafa. Tsoho mai furfura.

Na yi haƙuri, na yi zagi, na yi yaji na kwana biyu a gidan maƙwabta na dawo don babu wanda ya zo biko. Da abin ya ishe ni na tafi wurin Jauro Bobboyi, Bafulatanin Yola, dattijo mai carbi, kowa na cewa ba ya son zalunci. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba. Ya zo gidan. Babakura ya buɗe firiza, ya miƙa masa safa.

Tun hantsi yake duba shaida har aka kira azahar.

"Ranka ya daɗe, hukuncin fa?"

"Goggo, tsaya tukuna. Wannan mai gemun shi ne ya sace jirgin ƙasan?"

"Ƙaninsa ne," in ji Babakura. "Sai a lamba tara za ka gane."

Ya dawo washegari don lamba tara. Sai da ya kai lamba sha biyu ya yanke hukunci. Firiza tawa ce, babu mai ja. Abin da ke ciki amana ce, kuma ba a fitar da amana a kai ta bakin gara. Mai ita kaɗai ke da ikon ɗauke ta. A nemo mai ita.

"Shekara goma ina nemansa," Babakura ya ce, ya sunkuyar da kai. "Allah kaɗai ya san ko yana raye."

Ni ban da waya mai shafawa. Na shiga babbar kasuwar Jimeta, layin 'yan Michika masu kayan masarufi, na tambayi wata mai sayar da magi ko ta san Malam Absalom na Mubi. Ta ce wane, baban Endurance? Yana Girei, bayan masu yankan katako, yana kiwon kaji. Na hau Keke Napep na haye gada.

Ba ya gida. Matarsa na tarar, Maman Endurance, tana tankaɗe. Muka rungume juna, muka yi kukanmu, muka lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda ba a sani ba. Ta kawo ruwa mai sanyi daga nata firij, na sha ina jin haushi. Na ce ina Malam?

"Yau Laraba ai. Duk Laraba yana Jimeta wurin taron 'yan fansho."

Laraba ita ce ranar da na saba wuni a Namtari wurin saro aya. Na ajiye kofin.

"Mama, buhun nan na littattafai da ya ba mijina ranar gudu."

"Wanne? Ai ya ƙone a Mubi. Ni kam 'yar'uwa, Allah ya yafe mini, sun ƙona gida, sun kwashe awaki, amma da ya ce mini takardun nan sun ƙone sai da na yi rawa a coci. Shekara ashirin suna cikin kabat ɗina, kwanukana suna ƙasa."

Na miƙe tsaye. Na ce ta ɗauko gyalenta.

Mun same su a tsakar gidana a kan tabarmata, su uku, Babakura da Absalom da Jauro, hannaye shida cikin safa. Absalom yana karantawa yana fassara wa Jauro, har yana yin muryar mai gemu. Da ya ɗaga kai ya ga matarsa, bai ajiye littafin da sauri ba. Sai da ya mayar da shi cikin leda tukuna.

"Taron fansho ke nan?" ta ce.

"Dukkanmu mun yi ritaya, Mama."

Ashe tun shekarar da muka zo Babakura da Absalom suka haɗu a tashar motocin Mubi da ke nan Jimeta, kowa ya je tambayar ɗan'uwansa. Suka rungume, suka shirya cewa ɗaya ya ɓata, ɗaya kuma kayansa sun ƙone.

Na ce wa Jauro, ranka ya daɗe, ga mai amana, hukuncinka ya cika, ya kwashe kayansa. Absalom ya ce shi a shirye yake. Maman Endurance ta ce ya kawo, tana da murhu biyu, kuma kajinta suna son shimfiɗa. Jauro ya ja carbi ya ja, ya ce ba a miƙa amana ga wuta, ko da mai ita ne ya miƙo hannu. Shi zai ɗauki nauyin ajiyewa a zaurensa saboda Allah. Sai dai zauren nasa ma akwai gara, don haka za a tafi da ita cikin mazubinta.

"Wane mazubi?"

"Goggo, aro ne. Sunanka yana kai." Shi kowa namiji ne a bakinsa.

Na ce to. Na jira suka mayar da na hannunsu ciki, na rufe murfin, na tattare zanena na hau na zauna.

"Firiza tawa ce, haka ka ce?"

"Haka na ce."

"To na zauna a kan kayana. Ban taɓa amanar kowa ba."

Ni ba ƙaramar mace ba ce. A nan na ci tuwo, a nan na yi gyangyaɗi. Idan zan yi salla ko in zaga, Maman Endurance ta karɓe ni, don ta ce ba za ta koma Girei ba sai ta ga ƙarshen abin. Su kuwa suna zuwa kullum su zauna a gindin darbejiya kamar masu zaman makoki. Karatun Jauro ya tsaya a inda aka ɗaure Mai Ƙwarya a ƙarƙashin teku aka jiƙa masa gwiwoyi. Ya roƙi Absalom ya gaya masa yadda aka ƙare, Absalom ya ce ba a yi wa kwamik haka.

"Goggo, ɗaga kaɗan. Lamba ashirin da uku kawai, tana sama-sama."

"Ya mutu," na ce.

"Subhanallahi. Kai ka karanta?"

"Wanda ya shiga teku da wannan hular ai ba ya fitowa."

Bai yi mako ba ya sake duba shari'ar. Ya ce malamai sun halatta a sauya wa amana mazubi idan akwai larura, kuma ni larura ce. Aka kawo durom na ƙarfe mai murfi, aka ɗora shi a kan bulo, aka zagaye da toka da baƙin mai. Da hannunsa mai safa ya kwashe littattafan, aka tura a baro zuwa zaurensa, su uku suna biye kamar rakiyar gawa.

Muka wanke firiza da omo, muka kwance tsumman, muka jira wuta. Da aka kawo na jona da bisimilla. Shiru. Na kira mai gyara, ya kwantar da ita ya leƙa ƙasa, ya ce ɓeraye sun cinye wayoyin ciki tas, har sun yi 'ya'ya a gefen injin, injin kuma ya daskare don rashin aiki.

Abin da nake nema ke nan. A cikin mutum ukun nan wani ya tayar mini da firizata ta yi sanyi. Babakura ya ce amanar Absalom ce ta jawo. Absalom ya ce shi buhu ya bayar, bai ce a sa a firiza ba. Jauro ya ce zai duba maganar da zarar ya sami sarari, yana lamba talatin da ɗaya. In akwai wanda ya san inda ake kai ƙarar Jauro, ya zo Damilu ya tambayi gidan Ya Fanna mai zoɓo. Zai same ni a kan firizar. Jiya Babakura ya tsaya yana shafa robar bakinta, ya ce durom yana gumi da rana, kuma tunda dai ba ta aiki. Ban bari ya ƙarasa ba na hau.