Bokitin da ba a taɓawa

Injin da muke wankin mota da shi sai ka ba shi ya sha kafin ya ba ka. In ba a cika masa ciki da ruwa ta ƴar ƙofar da ke samansa ba, ko za ka ja igiya har kafaɗarka ta goce, gurnani kawai zai yi. Rijiyar da yake janyo mana ruwa daga cikinta kuma ta bututu ce, guga ba ya shiga. Shi ya sa kullum kafin mu tashi, ni da Yaya muke cika wani jan bokiti mu ajiye a bayan ƙofa. Kowa a gidanmu ya san ba a taɓa shi, ban da Gwaggo, da ta sauka jiya.

Da safe direban wata doguwar bas ya shigo filinmu, motar ta sha laka har tagogi. Yaya ya daɗe yana lallaɓarsa.

"In kuka gama kafin layina ya zo a tasha, gobe abokan aikina nan za su kawo," in ji direban. "In kuka ɓata min lokaci, ina da masu wankina a bakin gada."

Na ruga ɗauko bokiti, wayam. Can na hango shi a tsakar gida, tsakanin ƙafafun Gwaggo, kumfa har baki, tana cuɗa zannuwanta.

"Gwaggo! Ruwan inji ne fa!"

"Inji ne zai sha ruwa ni in zauna da datti? Shi ma unguwa za shi?"

Na leƙa randa, ƙaf. Famfon layinmu kuwa iska kawai yake hurawa. Yaya ya shigo ya ɗora hannu a ka.

"Gwaggo, kin gama da mu."

"Kai tafi can, dogon banza. Ni na yi maka wankan jariri, ba ka mutu ba."

Direba ya danna hon a waje. Gwaggo ta matse zannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta sungumi bokitin da kanta, ta nufi filin muna binta.

"Ina bakin nasa? Buɗe."

"Da sabulu a ciki?" in ji Yaya.

"In bai so ya tofar."

Ta cire ɗankwali ta shimfiɗa a bakin don tace zare, ta tsiyaya har ya cika. Yaya ya ɗaure murfin yana ƙunƙuni. Na ja igiya. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Na sake ja. Sai tiyo ya miƙe a hannun Yaya kamar maciji, ya feso farar kumfa, rabi a jikin bas, rabi a fuskarsa. Direba ya yi dariya har da riƙe ciki. Bayan kumfar ruwa ya biyo, garau, da ƙarfinsa.

Muka hau motar da soso ba ji ba gani. Kafin direban ya gama amsa wayar tasha, tagogin suna ɗaukar ido. Ya zagaya ta, ya shafa gefenta da yatsa, ya shinshina.

"Har da ƙamshi? To gobe ku tashi da wuri, mu uku ne."

Yana fita Gwaggo ta dire bokitin a gaban Yaya.

"Cika min. Ban yi ɗauraya ba."