Humrar da Ba Ta da Ƙamshi

Adawiyya ta biyo ta gidansu da ke unguwar Dogo Tebo ne don ta kwana, washegari ta wuce jami'a ta kare binciken digirinta na biyu. Duk wahalar da ta sha tana cikin wasu 'yan kwalabe da ta jera a bakin taga, a ɗakin kakarta, Ya Kaka.

Ruwa ne fari a ciki, amma in ta haska masa wata tocila mai shuɗin haske sai kowace kwalba ta kama da nata launin. Har bayani ta yi wa tsohuwar, don Adawiyya ko bango ta samu sai ta yi masa darasi. Ta ce a cikin ruwan akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, kowace ƙwaya kamar ɗaki ce da aka kulle ilektiron, wato ɗan ƙaramin ɓurɓushin lantarki, a ciki. In ɗakin ya matse, ƙarfinsa ya ƙaru, ya ba da shuɗi. In ya yalwata, ya ba da ja. Kuma ƙarfin hawa-hawa yake kamar matakalar bene, babu tsayawa a tsakani. Aikinta kaf shi ne raba ƙwayoyin, kowane girma da kwalbarsa.

"To, madalla," in ji Ya Kaka, tana ta tsintar shinkafarta.

Adawiyya ta hau keke Napep ta tafi gaida dangi a unguwar Yerimaram. Da ta dawo, tun daga zaure ƙamshi ya tare ta. Ta tarar da kwalaben nan an wanke su tas, an kife a faranti.

"Ya Kaka, me ya sami kwalabena?"

"Na shinshina su ɗaya bayan ɗaya, ko ƙamshin sabulu babu. Wace irin humra ce wannan? Na juye su wuri guda, na zuba miki farcen turare da sandal da miskin da nake ɓoyo."

Ya Kaka ta miƙo mata wata babbar kwalba. Adawiyya ta haska ta da tocilarta. Babu shuɗi, babu ja, sai launin ruwan kududdufi.

Ya Kaka ta dafa kafaɗarta, fuskarta cike da murna.

"Ke da za ki tsaya gaban manyan malamai gobe? Ai ba zan bari a yi wa jikata dariya ba. Shinshina ki ji."