Amyar da ke Kan Gawo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, don masu shi suna da rai, kuma ba sa son a tuna.

Shekarar da fari ya cinye hatsin Matameye, soja na mulki, aka rufe iyaka, abu biyu suka rage wa gidan Inusa: akuya mai nono, da gawon da ke tsakiyar gonarsa. Da nonon akuyar ake rayar da jaririn da matarsa ta mutu ta bari. Akuyar kuwa ƴaƴan gawo take jira.

Gawo ba ya bin damina. Sai da komai ya bushe ya yi ganye, ya fitar da fure. A kansa akwai amya ɗaya, ita kaɗai ƙudan zumanta ba su gudu ba. Kullum Sa'a, babbar ƴar Inusa, takan kai musu ruwa a kasko, ta jera tsinkaye a ciki don kada su nutse. Ubanta ya sha gaya mata: furen da zuma bai sauka a kai ba, faɗuwa yake yi banza.

Wata rana da hantsi ta iso da kaskonta, ta tarar da Baffa Ummaru, ƙanen ubanta, da gatari da damin kara yana ci da wuta. Soja sun ƙwace kayansa a hanyar dawowa daga Kano, ƴaƴansa sun kwana biyu ba su ci ba. Inusa na tsaye, ya jingina bayansa da gawon.

"Yaya, matsa. Zuma kawai zan ɗiba."

"Da wuta? Ka ƙone su gawo na fure? Bari ƴaƴa su kama, in ba ka rabin zuman."

"Ƴaƴana su ci fure? Ƙwari sun fi maka jininka!"

Inusa ya fizge damin ya take shi. Ummaru ya kai masa ƙotar gatari a baki, jini ya tsinke. Suka kama kokawa, suka faɗi cikin toka. Ummaru ya haye kansa, ya shaƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben gatarin. Sa'a ta kira "Baffa! Baffa!" Ba kowa a gonakin.

Ta ajiye kaskon, ta ɗauki hogen ƙasa, ta jefi amyar da dukan ƙarfinta.

Ƙudan zuman suka zubo baƙi ƙirin. Ummaru ya saki Inusa yana marin fuskarsa, yana ihu, ya ruga ya faɗa ƙaya, ya tashi ya sake rugawa. Sa'a ta lulluɓe kan ubanta da zanenta, ta ja shi, suna harbin ta a wuya da hannuwa. Idon Ummaru na hagu bai ƙara gani ba.

Da Inusa ya iya magana, leɓensa a fashe, bai yi mata godiya ba. Ya ce, "Zuman da aka jefa ba ya zama."

Washegari da safe ta cika kaskon da hannuwanta kumburarru, ta nufi gona. Amyar ta karkace, gefenta ya ɓare. Ta ajiye ruwan, ta jera tsinkaye, ta tsuguna. Can ƙuda ɗaya ya sauko daga cikin furen, ƙafafunsa duk gari rawaya, ya sha. Ta koma gida ta tatsi akuyar, ta raba nonon biyu, ta kai rabi gidan Baffa.